Goma Mai Hula da Igiya

A tashar tifa ta bakin gada akwai wani direba, Sallau, wanda ko rantsuwa ya yi cewa ana ruwa sai an leƙa waje an duba. Shi ba maƙaryaci ba ne, tsokana ce kawai ta zame masa kamar tuwo, in bai yi ba ba ya jin ya ƙoshi. Shi ne ya taɓa gaya wa Ilu Fenta, mai yi wa motocin tashar zane, cewa wani Alhaji a ƙauyen tsallaken kogi ya sayo manyan motoci sababbi fil, yana neman wanda zai zana musu zaki da mikiya. Ilu ya ɗaure gwangwanayen fenti a bayan acaɓa, ya sha rana, ya sha gargada, ya je ya tarar Alhajin jakuna gare shi. Matar Sallau ma, baiwar Allah, ranar da ta buɗe tukunyar miya ta ga macijin roba ya leƙo, ranar ta ɗaure kayanta. Ya bi ta biko, ya durƙusa gaban surukinsa yana hawaye na gaske, har da majina. Tsohon ya dube shi, ya dube shi, ya girgiza kai ya ce, "Kai, Sallau, ka iya!" Haka aure ya mutu, Sallau ya koma gwauro mai cin abincin tasha.

Bokonsa kuwa irin namu ne na direbobi. Mun shiga, mun gaisa da shi, mun fito tun bai kawo mana ruwa ba. Yana iya karanta lambar mota da rubutun bayanta, in dai ba gudu take yi ba. A bayan tasa tifar ma akwai rubutu da manyan baƙaƙe: BA A FUSHI DA SALLAU. Ana yi kuwa, kullum.

To, sai ƙungiyar direbobi ta buɗe ajin manya a firamaren da ke bayan tasha, kullum bayan La'asar. Malamin farko wani dattijo ne mai gyangyaɗi, in ya juya allo ɗalibai su yi barci, in ya juyo shi ya yi. Aji bai fi cikin cokali ba. Ana nan aka ɗauke shi, aka aro wata malamar lissafi daga makarantar 'yan mata, Malama Kubura. Washegari benci ya yi kaɗan. Har waɗanda suke taƙama sun gama sakandare suka tuna ashe sun manta komai.

Bazawara ce, mai natsuwa, mai farin tabarau, ba ta ɗaga murya amma in ta dubi mutum ta saman tabarau sai ya ji kamar ya bar gida ba hula. Kowa ya san labarinta. Mijinta na fari wani mai zaƙin baki ne da ya yi mata alƙawarin duniya da abin da ke cikinta, ya ƙare da sayar mata da keken ɗinki. Sallau da ya zo ajin don ya ɗaure wa mutane riga a jikin benci, sai ga shi a layin gaba, ya naɗe hannu, ya sa turare.

Ranar da abin ya soma, Malama ta tsaya da alli a hannu ta ce, "Malam Sallau, tifarka in an cika ta da yashi, ƙwayar yashi nawa ce a ciki?"

Sallau ya ce, "Malama, lodin wanda yake tsaye yana kallo, ko na wanda ya aiko?"

Aji ya ɗauki dariya. Ita ma ta murmusa kaɗan, ta ce, "Na wanda yake tsaye, da sanda a hannu."

"To wannan kam sai Allah."

"Mu ƙaddara," in ji ta. Ta juya ta rubuta biyar, ta shiga jera mata sifili a baya, tana jerawa tana jerawa har hannunta ya kusa bakin allo:

50,000,000,000

Baba Nomau, shugaban tasha, wanda ya shiga ajin don kada a ce shugaba ba ya nan, ya ce, "Malama, a taka birki, za ki faɗa rami."

Ta ce, "Yauwa, Baba, abin da ya dami masana kimiyya ke nan. Su kullum da irin waɗannan lambobi suke aiki, nisan rana, yawan taurari. In suka ce sai sun jera sifili, alli zai ƙare aiki bai ƙare ba, kuma in ɗaya ya ɓace a hanya ba mai lura. Shi ya sa suke taƙaitawa. Ku duba. Ka sa ɗigo a bayan lamba ta farko. Sai ka ƙirga gida nawa ne daga ɗigon zuwa ƙarshe. Abin da ka samu, ka ɗora shi a saman goma."

Ta sa aka ƙirga da baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya, manya da gemu da furfura, aka samu goma. Ta rubuta a ƙasa:

5 × 10¹⁰

Baba Nomau ya miƙa wuya ya ce, "To ina sifilan suka shiga? Ni fa ba na son a yi ɓatan kaya a gabana."

Kafin ta buɗe baki Sallau ya ce, "Baba, lodi aka yi musu. An kwashe su duka an ɗora wa goma a ka. Ba ka ga hularta ba? Hular ce ke gaya maka fasinja nawa ne a ciki."

Malama ta juyo ta dube shi, wannan karon ta cikin tabarau, ba ta sama ba. Ta ce, "Wallahi Malam Sallau ya gane. Zo ka yi mana wannan." Ta rubuta 3,200,000.

Sallau ya tashi ya karɓi alli. Ya sa ɗigo bayan uku, ya bi gidajen da yatsa, ya rubuta 3.2 × 10⁶. Shidan ta karkace kamar hular ɗan tauri, amma shida ce. Ta ce a tafa masa. Aka tafa. Mutumin da tun yana yaro in malami ya kira sunansa to bulala ce, yau ga shi ana tafa masa. Ya koma benci yana jin kansa yana taɓa rufi. Ta ƙara da cewa gobe za a juya a ga ɗaya gefen abin, amma wannan bai shiga kunnensa ba, don lokacin hankalinsa yana kan yadda take kaɗe alli daga yatsunta.

Da aka tashi ya bi ta har ƙofar makaranta, ya yi gyaran murya sau ba adadi.

"Malama, ina da magana."

"Ina ji, Malam Sallau."

"Wato... ni dai... in ba damuwa, ina so in turo magabatana."

Ta tsaya. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta leƙa bayan katanga. Ta ce, "Ina suka ɓuya?"

"Su wa?"

"Masu dariyar. Ai tun kafin in zo aka ba ni labarinka. An ce in ka miƙo mini goro in fara dubawa ko sabulu ne."

"Malama, na rantse da wanda raina ke hannunsa..."

"Haka aka ce kana farawa."

Sallau ya ji abin da bai taɓa ji ba. Wato mutum ya shekara yana haƙa rami don mutane su faɗa, ranar da ya ɗauko ƙwai a ka ranar zai taka nasa. Ta ga fuskarsa ta sauya, sai ta ɗan sassauta. Ta ce, "Ka ga, ni magana na sha ta har na ƙoshi. Wanda ya riga ka cewa ya yi sonsa ya fi ruwan teku, ban tambaye shi a wane mudu ya auna ba. Ni malamar lissafi ce, abin da ba shi da adadi ba na ɗora tukunya a kansa. Son nan naka nawa ne? Ranar rufe aji ka kawo mini shi a rubuce, yadda na koya muku. In ya fita, sai mu ji. In ba haka ba, ka san daga ranar zan koma makarantarmu, kuma can mai gadinmu ba ya dariya."

Ta wuce ta bar shi a tsaye.

Mu direbobi muna da wata al'ada. Abin da baki ya kasa, bayan mota ke faɗa. Wanda aka ci amanarsa, wanda ya yi arziki bayan wuya, wanda ke habaici da maƙwabci, duk a murfin baya za ka karanta. Sallau ya ce ai shi ke nan. Bakinsa ne aka daina yarda da shi, amma fenti ba ya wasa, ba wanda zai kankare taken motarsa don tsokana. Abin da ya rage lamba. Ta yashi ba za ta yi ba, kowa a aji ya san ta, kuma wace mace za ka ce wa sonki kamar yashi, abin da ake zubarwa a bakin titi akuya ta hau? Yana son wadda ta fi ta. Ya ce bari gobe, tunda karatu gaba yake yi, lambar gobe sai ta fi ta yau.

Gobe ta yi, Sallau ya shiga kogi ɗaukar lodin azahar, tifa ta nutse a yashi har ciki. Ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Da Jatau yana nan da sauƙi. Jatau shi ne ƙaton masu lodi, mutumin da in ya sa kafaɗa a bayan mota sai ta tuna da hanya. To amma taifot ta kwantar da shi, yana gida ana ba shi koko da cokali. Sallau ya ɗauko waya ya kira shugaban tasha.

"Baba, na kafe a kogi. A turo mota ta ja ni."

"Allah sarki. Ka kafe?"

"Wallahi har ciki."

"To, Sallau, mun ji. In ka ga kada ka gaishe shi."

Ya kira wani, wannan ya ce masa tsokanar yau ba ta yi daɗi ba, ya sake wata. Ya kira wani, ya ce shi ya ci wannan tun bara. Haka Sallau ya tuɓe riga ya ɗauki shebur, yana haƙa yana tsine wa halinsa, yana cusa itace ƙarƙashin taya. Kafin ya fito rana ta yi ja. Ya iso makaranta jiƙe da gumi, aji ba kowa sai wata akuya tana cin ɓawon ayaba. Amma Allah ya taimake shi, ko kuwa dai ya bar shi da wayonsa, ba a goge allo ba. A tsakiyar allon, da kyakkyawan rubutun Malama, ga abin da ya gani:

0.000002 = 2 × 10⁻⁶

Sallau ya ja benci ya zauna, ya tsura ido, ya shiga nazari irin namu na waɗanda suka sha boko da cokalin shayi.

Da farko sifilan. Jiya a baya suke, yau ga su a gaba. Ya ce to, wa ake jera wa motoci a gaba? Talaka in ya samu rakiya, a bayansa take. Amma babban mutum, sai masu jiniya sun wuce, sun wuce, sun wuce, sannan ka hango shi can a ƙarshe. Ashe wannan lamba ce mai jiniya.

Sai hula. Shida ce, ta jiya kuwa goma. Nan ya ɗan yi turus. Amma da ya matsa kusa sai ya ga wata 'yar sanda a kwance a gaban shidan, wadda babu ita jiya. Ya buga cinya. Igiya! Irin ta kafaɗar soja. Ai soja mai igiya ɗaya shi ke sa ƙarti goma marasa igiya tsallen kwaɗo. Goma mai hula daban, goma mai hula da igiya daban. Ƙarin girma aka yi mata.

Na ƙarshe, biyun nan. Duk lambobin duniya, me ya sa biyu? Shi da ita ke nan. Sallau ya dafe ƙirji ya ce, "Allahu akbar. Ashe ma saƙo ta bar mini."

Ya yi tunanin ya tambayi wani ɗan aji, sai ya tuna rabin ajin turare suke sawa kamar shi. Wa zai nuna wa kura hanyar turke? Ya zaro biro ya kwafe abin a tafin hannunsa, ya fita da hannun a sama don kada gumi ya cinye igiyar. Haka ya tuƙa har rumfar Ilu Fenta, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje a buɗe, mutane suna ta amsa masa gaisuwa.

Ilu yana wanke burushi. Shi kam ya je aji ranar, a layi na biyu ma ya zauna. Sallau ya miƙa masa tafin hannu kamar mai neman a duba masa sa'a.

"Ilu, ka goge na bayan motar nan duka. Ka rubuta SON DA NAKE WA MALAMA, ka sa wannan a ƙasa."

Ilu ya dubi hannun. Ya dubi Sallau. Ya sake duban hannun. Allah kaɗai ya san abin da ya gani, amma masu cewa jakuna ne suka gifta masa a ido ba su yi nisa da gaskiya ba.

"Ka tabbata wannan kake so?"

"Ka taɓa ganin na zo maka da hannu a sama?"

"Har da wannan 'yar sandar?"

"Ita ce ma maganar. Igiya ce. Ka ƙara mata kauri, ka yi ta da ja, yadda na nesa zai gani."

"Sifilan fa, a gaba?"

"A gaba. Kada ka rage ko ɗaya, jiniya ce."

Ilu ya sunkuyar da kai yana juya fenti, kafaɗarsa tana ɗan motsi. Ya ce, "To. Ni dai aikina fenti. Kuma wannan kyauta zan yi maka, saboda zumunci."

Ilu fa, wanda ko fenti ne ya ɗiga a takalminka sai ya ce ado ne ka biya. Da mai hankali ne, nan zai tsaya ya yi tambaya. Sallau kuwa rungume shi ya yi ya ce, "Ashe ka yafe maganar jakunan nan." Ilu ya ce, "Wace magana? Ai ta wuce."

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Har furanni Ilu ya zagaye lambar da su, da wata tsuntsuwa ɗauke da igiyar a baki. Sallau ya lulluɓe murfin da tamfol ya ɗaure tamau. Sauran kwanakin bai koma aji ba, wai kada idonsa ya tona asiri. Duk wanda ya tambaye shi me ke ƙarƙashin tamfol sai ya ce, "Boko ne, ya fi ƙarfinka."

Ranar rufe aji aka fito da bencina filin makaranta, aka kawo lemo da cincin. Direbobi sun sha wanki, masu lodi sun zo kallo, har Jatau an lallaɓo da shi, ya rame ya zama kamar sandar rake, yana zaune a inuwa da bargo. Malama tana tebur kusa da Baba Nomau, ana kiran suna ana ba da takardar shaida. Ana cikin haka sai aka ji ƙarar tifa. Sallau ne, ya shigo da baya da baya, a hankali, har murfin ya daidaita da teburin. Ya diro cikin babbar riga mai aiki, hula ta zauna, turare ya riga shi isowa. Mutane suka fara ja da baya, don ba a san me zai fito ba.

Ya ce, "Jama'a, yau ba wasa. Malama ta ce in kawo a rubuce. Ga shi."

Ya fizge tamfol.

Duk ido ya koma kan murfin. Baba Nomau ya karanta da leɓe, ya kai lemo baki, ya fasa. Wani a baya ya yi wani irin tari. Sallau ya ɗauka girman lambar ne ya kashe musu jiki, ya ƙara gyara tsayuwa.

Malama ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta tashi ta zo gaban murfin ta tsaya kamar yadda take tsayawa gaban allo. Ta ce, "Malam Sallau, rubutu ya yi kyau. Zo ka kwance mana ita, yadda kowa zai amfana."

Ai kuwa ya zo. Ya ɗauki tsinke yana nunawa. Ya yi bayanin jiniya. Ya yi bayanin igiya da tsallen kwaɗo. Da ya zo kan biyun sai ya sunkuyar da kai ya ce wannan kam ita ta san ma'anarsa. Bai rufe baki ba fili ya fashe. Baba Nomau ya kwanta a jikin tebur yana bugunsa, rawani ya warware. Masu lodin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ma suka kama, don dariya ba ta tambayar takardar shaida.

Malama ta ɗaga hannu aka lafa. Ta ce, "Ranar da aka yi wannan ba ka zo ba."

"Na kafe a kogi, Malama. Na kira, ba wanda ya yarda."

"To saurara. Wannan da kake kira igiya, alamar ɗebewa ce. In ka gan ta a kan goma, ba gaba za ka yi ba, baya za ka yi. Ba ninkawa ake ba, rabawa ake. Sifilin da ke bayan lamba shi ke ƙara mata nauyi. Wanda ke gabanta, bayan ɗigo, cinye ta yake yi. Kowane ɗaya ka ƙara, ta ƙara ƙanƙancewa."

Sallau ya ce, "Wato... ba ta kai ta yashin ba?"

"Ka ɗauki sanda mai tsawon mita ɗaya. Ka raba ta gida miliyan. Ka ɗebi biyu."

"Biyu daga ciki?"

"Biyu. Misalin da na ba 'yan aji shi ne tsawon ƙwayar cutar taifot. Ƙwayar yashi ɗaya daga cikin motarka, a wurinta dutse ce. Ido ba ya ganinta sai da madubin asibiti."

Sallau ya juya a hankali yana neman Ilu. Ilu yana can ƙarshen benci ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana cin cincin. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni abin da aka ba ni na rubuta. Igiyar ma shi ya ce in ƙara mata kauri. Alhaji mai jakuna yana gaishe ka."

Aka sake kwashewa. Sallau ya dubi murfin motarsa, furanni, tsuntsuwa, jar igiya mai kauri kamar taɓarya, a gaban duk tasha, kuma da wannan zai riƙa yawo a gari har fenti ya koɗe. Ya cire hula ya share gumi. Ya ce, "Ashe lambar ma ni ta kwatanta. Jiniya a gaba, jiniya a gaba, ka leƙa motar ƙarshe ba kowa sai direba."

Baba Nomau yana share hawaye ya ce, "Sallau, rufe abin nan ka zo ka sha lemo. Ta ƙare."

Da ma a ce ya ji. Amma ɗan tsokana ko a rami ya faɗa sai ya leƙo ya ga ko akwai wanda zai ja. Idonsa ya sauka kan mai bargo a inuwa. Sai ya mayar da hula, ya gyara ta, ya matso.

"Malama, tambaya ɗaya. Wannan 'yar abar da kika ce ido ba ya gani, ba ita ce ta kama Jatau ba?"

"Ita ce."

"Jatau fa. Wanda ke tura tifa da kafaɗa."

"Shi."

"Jatau, don Allah gaya wa jama'a, da ta shige ka, ka iya tashi?"

Jatau ya girgiza kai daga cikin bargo, da 'yar murya ya ce, "Ko cokali sai an riƙe mini."

"Ka iya cin abinci? Ka iya barci?"

"Ina fa."

Sallau ya buɗe hannuwa ya juyo wajen taro, sannan ya juyo wajenta. Ya ce, "To, Malama, ai ban yi kuskure ba. Irin wannan nake nufi. Na wancan da ya ce ya fi teku, kin ga inda ya ƙafe. Nawa ba ya cika ido, amma in ya shiga jini, ko ƙato ne sai ya kwanta."

Fili ya ɗauki sowa. "Sallau ya fita! Wallahi ya fita!" Masu turaren aji suka ɓata rai. Ilu ya tsaya da cincin a hannu. Baba Nomau ya naɗe rawaninsa ya ce, "To, Malama, ɗalibinki ya kawo a rubuce, ya kuma kare da baki. Saura maki. Mu turo, ko kada mu turo?"

Malama Kubura ta tattara takardunta, ta sa alli a jaka, ta rataya. Ta sake duban murfin tun daga furanni har igiya, sannan ta dubi Sallau ta saman tabarau.

"Lissafinka ya fita, Malam Sallau. Sai dai ka makara. Irin wannan cutar, tun a gidan mijina na fari aka yi mini rigakafinta."